Kwanon Sule a Teburin 'Yan China

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, don ido ne ya yi rauni, kunne yana nan garau. Binta tana cewa na ga Sule ido da ido a gidan abincin 'yan China a Kano. Hauwa kuwa, da yake bakinta ba ya gajiya, har yau tana gaya wa ƙawayenta wai yayanku ne ya kai ni aka barbaɗa min wani abu a miya, na dawo gida na zama wata mata daban. Jikoki sun ɗauki labarin sun yi masa hannu da ƙafa, har na ji ɗaya yana rantsuwa wai kujera ce ta ja kanta baya. Ni da abin ya faru a kaina ba wanda ya zo ya tambaye ni. To ga shi zan rubuta da hannuna, tunda shekarun da na yi ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a firamare ba su tafi a banza ba. Wanda ya ga dama ya karanta yanzu, wanda yake jin nauyina ya bari sai ƙasa ta rufe min ido.

Sai na fara da tsinke, don in ba ku gane tsinke ba, ba abin da za ku gane a maganar nan. Lokacin da aka kawo ni gidan mahaifinku a Gude, kakarku tana da rai. Ita a ruga aka haife ta, tsufa ne kawai ya zaunar da ita a gida mai katanga. Kullum aka sauke tuwo ita ke rabo. Duk wanda ya fita da shanu bai dawo ba, sai ta sa malmalarsa a kwano, ta karyo sillen kara, ta soka shi a tsaye a tsakiyar tuwon, ta kifa ƙwarya a kai ta ajiye kusa da randa. Tuwo mai tsinke yana da mai shi. Yaro ko yunwa za ta kashe shi ba ya taɓawa, kuma wanda ya dawo shi yake zare tsinkensa da hannunsa. Ban taɓa ganin ana yin haka a wani gida ba, ko a Gude ko a Kabo. Sau ɗaya tak na ga ta zare da kanta. Ranar da aka aiko cewa baffanku Buba ya rasu a mashekari, can inda ya kai shanu, ba ta yi kuka ba. Ta buɗe ƙwaryar, ta zare tsinken, ta kwantar da shi a bakin kwano, ta tura wa matarsa ta ce ta ci. Da haka matar ta san ta shiga takaba. Bayan tsohuwa ta rasu rabo ya dawo hannuna, na ci gaba da yadda na tarar.

A cikinku ku huɗu, Sule ne kaɗai ya ƙi boko. Ni malamar makaranta, ɗana ya tsaya a aji huɗu ya bi shanu, har abokan aikina suna yi min tsiya da shi. Yayanku, wanda ba na kama sunansa sai dai in ce Injiniya kamar yadda kowa ke faɗa, ya tafi birni ya yi karatu. Sule ya zauna da babansa, da ya girma ya fara ɗora shanu a tirela yana kaiwa Kudu. Yana da wata ɗabi'a da ta sa na sha yi masa faɗa. In ya iso zaure, kafin sallama sai ya kaɗa harshensa a ganɗa sau biyu, ƙat-ƙat, irin yadda yake kiran shanunsa. Ina ce masa mu ba shanu ba ne, ya yi dariya, gobe ya sake. Rigarsa kullum ƙamshin hayaƙin garke take yi, ko an wanke ta da sabulu sau uku. Muka aura masa Rabi, 'yar Malam Iro na Masanawa. Shekara ba ta cika ba, Rabi da tsohon ciki, ya ɗora shanu ya tafi. Ya kira ni daga hanya ya ce sun tsaya salla.

"Inna, a soka min tsinke. Jibi ina gida."

Daga nan waya ta daina shiga. Bayan kwana tara aka samu motar a gefen hanya, ba shanu, ba direba, ba Sule. Mahaifinku da Injiniya sun bi ofisoshin 'yan sanda, sun bi asibitoci, har ɗakunan ajiye gawa sun shiga suna ɗaga mayafi suna duba fuskokin 'ya'yan mutane. Ba a ga gawa ba, ba a kira an nemi komai ba, ba wanda ya ce ya gan shi. Rabi ta haifi Ummi a cikin wannan hali. Mahaifinku ya rasu bayan shekara uku, yana ciwon ajali yana tambaya ko an leƙa zaure.

Ni kuwa na soka tsinke kamar yadda ya ce. Na soka ranar farko, na soka jibin da ya ambata, na ci gaba da sokawa har shekara bakwai. Da safe in ɗumama tuwon in cinye da kaina, tsinken kuma in tsayar da shi a cikin kwanon gero har yamma, don ba na yarda ya kwanta. Mutane ba su san yadda za su gaishe mu ba. Ba a yi zaman makoki ba, don ba a ce an mutu ba. Sai dai a ce, "Ya jiran Allah?" mu ce, "Da godiya." Da aka shekara huɗu malamai suka ce Rabi tana da damar zuwa gaban alƙali ya raba ta da auren, ta yi takaba, ta yi wani. Manema suka fito, don yarinya ce mai hankali. Akwai wani malamin asibiti daga Kara, can wajen Gwarzo, da matarsa ta rasu, wanda ya yi ta aike wurin Malam Iro har shekara uku bai gaji ba. Rabi ta ce ita ba za ta taka kotu ba sai Inna ta faɗa da bakinta. Na sani, an gaya min. Nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba: na yi kunnen ƙashi da gangan. Duk wanda ya zo da alamar zai taɓo maganar, sai in tuna da tukunya a wuta in shige madafi. Ina ganin in na sake ta, na binne ɗana da hannuna. Kuma ita Rabin ce kullum take miƙo min kwanon da yamma, ta karyo min sillen karan, ba ta taɓa ɗaure fuska ba. Tana da shekara sha tara ya tafi. Na riƙe ta har ta kai ashirin da shida.

A shekara ta bakwai ɗin aka yi min aikin yanar ido a Kano. Ranar da za a koma a duba, Injiniya ya kira ni tun da safe. A lokacin yana aiki da wasu 'yan China masu gina hanya, ya saba da wurarensu. Ya ce bayan asibiti zai kai mu mu ci abinci a wani wuri, amma sai an faɗa musu adadin mutane tun kafin a je.

"Inna, ku nawa za ku taho daga gida?"

Ina tsaye a tsakar gida na ƙirga a raina. Rabi za ta riƙe min hannu, Ummi ba ta rabuwa da uwarta, Malam Iro kuma ya aiko wai yana da saƙo a birni a rage masa hanya, kamar ban san saƙon ba.

"Mu biyar," na ce.

Ya ce to. Daga baya ya gaya min ya ɗauka Hauwa zan ɗauko.

Bayan azahar muka isa. A waje rana tana dukan ƙasa, amma muna shiga aka rufe ƙofar gilashi a bayanmu, sai duniya ta ɗauke ɗif. Ba taga ko ɗaya. Sanyin esi ya ratsa mayafina har ƙashi. Fitilu jajaye masu siffar tulu suna rataye a sama, haskensu bai kai ƙasa ba, ga shi idon da aka gyara yana ganin komai da kaifi fiye da yadda na saba, ɗayan kuma yana gani dishi-dishi, sai nake ganin wurin kamar biyu ne a haɗe. Ruwa yana gangarowa a jikin wani bango ba tare da ƙara ba. A gefe akwai babban akwatin gilashi cike da kifaye masu rai, sun tsaya cak a cikin ruwa suna kallonmu muna wucewa. Wani kiɗa mai tsirkiya ɗaya yana tashi daga inda ban gani ba, siriri, kamar mace tana kuka a gidan maƙwabta. Mutane suna cin abinci a tebura amma ba ka jin muryar kowa. Ummi, da ba ta yin shiru ko a masallaci, ta kama gefen zanena ta yi tsit. Na ce wa Injiniya, yanzu duk gidajen tuwon da ke Kano ba su ishe ka ba sai ka kawo mu rami? Ya yi murmushi ya ce naman nan Musulmi ne suke yankawa, in kwantar da hankalina.

Wata yarinya mai baƙaƙen kaya ta kai mu wani ɗaki na daban ta ja ƙofa. Nan na gane dabarar yayanku. A gida ina da madafin da zan gudu. A nan tebur ne zagayayye, kowa yana kallon kowa, ƙofa ɗaya kuma tana bayan Injiniya. A ina aka taɓa ganin surukai mace da namiji sun zauna a kan kwano ɗaya? Malam Iro ya rasa inda zai sa idonsa, Rabi ta ja mayafi har hanci. A tsakiyar teburin akwai wani faffaɗan gilashi zagayayye da yake juyawa da kansa a hankali, ba wanda ya taɓa shi. Muka zauna. Injiniya a damana, Ummi a haguna, sai Rabi, sai babanta. Tsakanin Malam Iro da Injiniya kujera ɗaya ta rage, an ajiye mata faranti, da ɗan kwano, da kofin shayi, da tsinkaye biyu baƙaƙe na cin abinci, daidai da na kowa.

"Akwai wanda ake jira ne, ranka ya daɗe?" yarinyar ta tambaya.

Injiniya ya dube ni. "Inna, kin ce ku biyar."

Na ɗaga yatsu na sake ƙirgawa a fili. Ni, Rabi, Ummi, Malam. Na kai kan yatsa na biyar, bakina ya buɗe, sai na ji sunan da zai fito na haɗiye shi. Wallahi ban yi da niyya ba. Shekara bakwai ina ƙirga kwanukan gidana da shi a ciki, harshena ya ƙirga yadda ya saba. Injiniya ya ce wa yarinyar ta ɗauke kayan.

"Bar su," na ce.

Aka fara kawo abinci ana jerawa a kan gilashin, yana zagayawa da shi gaban kowa. Agwagwa da aka yanka siri-siri, jatan lande, wata miya mai tsami da yaji, taliya, kifi guda da kansa da idonsa, farar shinkafa a babban kwano, da shayi ba sukari ba madara. Na ce a kawo min cokali, ni ba zan tsufa in koma wasa da tsinke ba. Ba ƙarya, abincin da daɗi, amma ba wanda ya ci na kirki. Duk abin da gilashin ya ɗauko sai ya wuce ta gaban kujerar nan a hankali kamar ana yi mata tayi, sannan ya iso gare mu. Na lura Rabi ba ta kallon wajen. Malam Iro yana jan carbi a ƙarƙashin tebur. Can Injiniya ya yi gyaran murya.

"Inna, dama Malam ne yake da 'yar magana, muka ga gara a zauna..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Ba madafi, ba tukunya a wuta, sai hannuna ya nemo abin da ya sani. Na miƙe na ɗauko ɗan kwanon da ke gaban kujerar, na cika shi da shinkafa na danna ta ta yi tudu, na ɗauki tsinkayen nan biyu na soka su a tsaye a tsakiya. Na ɗora a kan gilashin daidai kujerar na koma na zauna. Kowa a ɗakin ya san abin da nake nufi. Amsata ke nan tun kafin a yi tambaya.

Gilashin ya ɗauki kwanon ya fara tafiya da shi. Ya wuce gaban Injiniya, ya sunkuyar da kai. Ya wuce gabana. Ya wuce gaban Ummi, ta janye hannunta daga tebur, don ta san tuwo mai tsinke. Ya wuce Rabi, ya wuce babanta, tsinkayen suna tsaye ƙyam, inuwarsu tana bin bango a cikin jan hasken nan. Ina kallo da idon da aka gyara, ya zagayo ya dawo daidai gaban kujerar da ba kowa. A daidai nan aka ɗauke wuta.

Duhun da ya rufe mu ban taɓa ganin irinsa da rana ba. Kiɗan ya yanke, esi ya mutu, ruwan bango ya tsaya. Ummi ta damƙe min hannu. A cikin shirun nan, daga wajen kujerar, na ji ƙat-ƙat, sau biyu. Sai ƙamshin hayaƙi ya taso, ba na girki ba, irin wanda yake kama rigar mutumin da ya kwana kusa da garke. Na so in yi addu'a, harshena ya yi nauyi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ji murna ba. Shekara bakwai ina jiran wannan ƙarar a zaure, da na ji ta sai na ji tsoro zalla, irin wanda ba a ji wa mai rai.

Janareto ya tashi, fitilu suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Kujerar tana nan yadda take, ba kowa a kai. Amma kwanon ba ya gabanta. Yana gaban Rabi, daf da farantinta, gilashin kuma a tsaye yake bai ci gaba da juyawa ba. Injiniya ya sha gaya min cewa ƙarar injin teburin ce da ya mutu, hayaƙin daga madafinsu ya shigo, gilashin kuma ko gwiwar hannu ta taɓa shi zai matsa. Na yarda zai iya zama haka. Na tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya a shekarun da suka biyo baya, ba wanda ya ce ya taɓa. Ni Musulma ce, na san wanda ya tafi ba ya dawowa cin shinkafa. Abin da na ji na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba, kuma ban ga kowa ba, ke Binta, ki ji da kyau.

Ƙofa ta buɗe. Wata tsohuwa 'yar China ce, gajeriya, gashinta fari fat, ta zo ba mu haƙurin wutar. Daga baya na ji ita ce uwar mai wurin, tun tana amarya ta zo Kano da mijinta, a nan ya mutu, a nan ta tsufa. Ta fara magana da Hausarta irin ta kasuwa, sai idonta ya faɗa kan kwanon. Maganar ta tsaya mata. Ta haɗa hannayenta biyu a ƙirji, ta matso a hankali kamar mai shiga ɗakin mara lafiya.

"Mama, sannu. Wa ya mutu?"

Raina ya ɓaci nan take. "Wa ya ce miki an yi mutuwa?"

Ta nuna tsinkayen. "A garinmu ba a tsayar wa mai rai wannan. Sai wanda ya tafi. Ni ma ina yi wa mijina."

Na ji Malam Iro ya yi a'uziyya ƙasa-ƙasa. Injiniya ya yunƙura zai yi mata bayani da Turanci, na ɗaga masa hannu.

"Ɗana ne. Tafiya ya yi, bai dawo ba tukuna."

"Yaushe ya tafi?"

"Shekara bakwai."

Ba ta yi min gardama ba. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta dubi wadda kwanon yake gabanta.

"Matarsa?"

Ta gane da kanta. Ta zagaya ta tsaya kusa da Rabi, ta ɗan rusuna, ta faɗi abin da ta ji mutanen Kano suna faɗa a gidajen makoki duk tsawon zamanta.

"Sannu da haƙuri. Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ki dangana."

"Amin," in ji Rabi.

Fitowa ta yi kawai, kamar numfashin da aka daɗe ana riƙewa. Tana faɗa ta toshe bakinta da hannu biyu, ta zaro ido tana kallona kamar wadda aka kama da sata. Tsohuwar ta fita ta ja mana ƙofa, ba ta san abin da ta yi ba. Ni kuwa na zauna ina kallon yarinyar nan da ido biyu, mai gani da mara gani. Na ga ƙashin wuyanta. Na ga furfura guda biyu a gaban goshinta inda mayafi ya zame. Shekara bakwai ba wanda ya yi mata gaisuwa, duk Gude, duk Masanawa, duk dangi, saboda tsorona. Sai baƙuwa da ba ta san sunanta ba, wadda ko addininmu ba ɗaya ba. Amin ɗin nan ta daɗe a bakinta, ni na hana ta fita. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da tausayi, da haushin kaina.

Na miƙe. Na zagaya bayan Ummi na tsaya inda tsohuwar ta tsaya. Na kama tsinkayen. Ku yarda da ni, na taɓa ɗaukar buhun gero a ka, bai kai nauyinsu ba. Na zare su, na kwantar da su a bakin kwanon, na tura shi ya taɓa hannunta.

"Ci, Rabi."

"Inna, don Allah ki yafe min, ba da niyya na..."

"Na ce ki ci."

Ta san labarin matar Buba, ni na ba ta shi da bakina. Ta sa hannu ta ɗebi shinkafar nan fara ba miya, tana ci hawaye yana zuba a ciki, har ta cinye. Malam Iro ya rufe fuska da hannun riga. Injiniya, ƙato da gemu, ya juya yana kallon bango. Ummi ce kaɗai ta yi magana, ta ce, "Inna, ai Baba bai dawo ba." Na ce mata na sani.

Ni na raka Rabi gaban alƙali. A ɗakina ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, mutane suka yi ta zuwa gaisuwar da ta makara da shekara bakwai. Bayan ta fita aka ɗaura da malamin asibitin nan, ta tare a Kara. Baffanninku suka ce a riƙe Ummi, jininmu ce. Na ce na riƙe uwar ya isa, ba zan riƙe 'yar ba. Ranar da mota ta ɗauke su na dawo tsakar gida na tarar ba mai miƙo min kwano. Da yamma na sauke tuwo, ban ankara ba sai ga sillen kara a hannuna na riga na karyo. Na daɗe a tsugune da shi kafin na jefa a murhu. Binta ta yi shekara guda ba ta taka gidan nan ba, ta aiko min cewa na kashe mata ɗan'uwa da bakina. Ban ga laifinta ba, don ni ma wasu ranakun haka nake gaya wa kaina. Tun daga ranar da na zare tsinken, ɗumame ba ya wuce min maƙogwaro, kun sha yi min tsiya wai na zama 'yar gayu tun da na ci abincin China.

Har yau ban san ko Sule yana raye ba. Alƙali ya yi hukuncinsa, ni ban ga kabari ba. In akuya ta taka wani abu a zaure ya yi ƙara sau biyu, har yanzu sai na ɗaga kai. Shi ya sa na rubuta wannan, don abu biyu nake so ku riƙe. Idan Allah ya sa wata rana Sule ya shigo bayan ba ni, kada wanda ya kai shi Kara, kada wanda ya ambaci sunan Rabi da laifi. Ta jira fiye da yadda Allah ya ɗora mata. Ku ce masa uwarsa ce ta kwantar da tsinken da hannunta, tana cikin hankalinta, ba wanda ya zuba mata komai a miya. Na biyu kuma, zai shigo da yunwa, don kullum haka yake dawowa, zai nufi wajen randa ya ɗaga ƙwarya ya tarar ba komai. Kada ku bar shi ya daɗe a tsaye a wurin. Ku zaunar da shi, ɗayarku ta hura wuta ta tuƙa masa sabo.